Benen Wake na Injiniya

Mijin yayata bai taɓa gina ko akurkin kaji ba, amma duk layinmu Injiniya ake kiransa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa injiniyoyin wani kamfanin gine-gine. Ya kai su wurin aiki, ya jira su a inuwa, ya dawo da su. Da ya yi ritaya suka ba shi hular kwano rawaya da tef ɗin awo, daga ranar muka shiga uku. Ka ce masa ƙofar ɗakinka tana ƙara, sai ya gyara zama ya ce, "Lokacin da muka gina gadar nan mai ƙafa goma sha biyu..." Wai muka gina. Shi da yake cikin mota yana gyangyaɗi.

Ni ce autar gidanmu, kuma a wurinsu nake zaune tun bayan rasuwar Innarmu, don haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Inna ba ta bar mana gida ba, ba ta bar gona ba. Abin da ta bari wata kwalba ce cike da irin koren wake mai hawa, ƙwayarsa fara da ɗigon ja a gefe, irin da ban taɓa gani a kasuwa ba. Ita ma a wurin tata uwar ta samo shi. Duk shekara takan shuka, ta kakkafa 'yan sanduna, mu yi ta tsinka muna ci, ta bar na ƙarshe ya bushe ta mayar cikin kwalba. Shekara biyu Yaya ta kasa buɗe kwalbar nan. Ranar da ta daure ta buɗe, ashe ƙwari sun riga ta, sun mai da wake gari. Muka baje shi a faifai muna tsincewa, muka samu ƙwaya goma sha huɗu masu lafiya. Yaya ta shuka su a ɗan filin da ke tsakanin ɗakin girki da katanga. Goma sha biyu suka fito: tara a jere a tsakiya, uku can gefe, bayan duron ruwa. Idan waɗannan suka mutu, waken Inna ya ƙare a duniya.

Da suka yi kwana goma sha biyar sai suka fara fitar da yaɗo, siririn abu kamar zare, yana lilo a iska yana neman abin kamawa. Maƙwabcinmu na hagu, Mai Fenti, ya miƙo wa Yaya damin siraran gora ta kan katanga. Tana cikin godiya sai ga Injiniya.

"Mene ne wannan?"

"Sanduna ne, Baban yara. Wake zai hau."

"Sanduna? A gidana?" Ya ɗauki gora ɗaya da yatsu biyu kamar ya ɗauki mataccen ɓera. "Uwargida, kina so mutane su wuce su ce matar Injiniya ce take soka tsinke a ƙasa? Bene zan yi masa. Hawa uku."

"Inna dai sanda take kafawa," in ji Yaya a hankali.

"Allah ya jiƙan Inna, amma ba ta samu injiniya a kusa ba."

Na ce, "Mu ma har yanzu nema muke."

Ya harare ni ta ƙarƙashin hular kwano. "Auta, in manya suna maganar gini, ki riƙe mana bakin tef."

Kafin yamma ya zana taswira a bayan tsohuwar kalanda. Na duba na ce masa ukun nan na bayan duro fa? Ya ce ba sa cikin taswira, duk wanda ya tsiro ba bisa tsari ba ya ji da kansa. Daga nan ya fita bencin ƙofar gida inda maza ke hira, ya bugi ƙirji ya ce nan da wata biyu, ranar Asabar da hantsi, kowa ya zo da kwanonsa, zai tsinko masa wake daga hawa na uku.

Washegari aka sauke kaya. Bututun roba guda huɗu, irin na magudanar ruwa, kowanne kaurinsa ya kai cinyar mutum, tsawonsa ya wuce rufin ɗakin girki. Ga ƙananan bututu na gicciye, ga waya, ga tsanin Mai Fenti da ya aro wai na kwana ɗaya. Wurin haƙa ramin ƙafafu shebur ya datse wake biyu. Yaya ta dafe ƙirji.

"Kowane babban aiki da asararsa," in ji Injiniya. "A gadar nan har tirakta muka rasa."

Mai Fenti ya leƙo ya ga ramin. "Injiniya, anya wannan ramin ya kai taƙi ɗaya? Ka ƙara zurfi mana."

"Kai da sama kake aiki, me ka sani game da ƙasa? Nauyin gini shi ke riƙe gini."

"To ai roba ce, ba ta da nauyi."

"Shi ya sa ba ta buƙatar rami."

Mai Fenti ya sauka daga katanga abinsa.

Kwana uku ana ɗaure-ɗaure. Aka gama, ya shafe benen da farin fenti mai sheƙi, fentin ya ɗiga a kan wake ɗaya ya ƙone shi. Saura shida. A can ƙololuwa ya ɗaura tsohuwar laimar Yaya a buɗe, wai rufi ne. Da ya sauko ya ga jerin tururuwa ta nufi ƙafar bututu, sai ya ɗauko gwangwanin giris ya mulke ƙafafun huɗu tun daga ƙasa har iya inda hannunsa ya kai. Tsani kuwa ya jingine shi da katanga bayan duro. Da Mai Fenti ya zo karɓa, ya ce masa ba a fitar da kayan aiki daga fili sai an miƙa gini ga mai shi.

Gaskiya benen ya yi kyau. Daga bakin titi ana hango shi yana ƙyalli. Matsalarsa ɗaya ce: wake ya ƙi hawa.

Yaɗo ya zo ya shafi bututu, ya zame. Ya sake zagayowa ya shafa, ya zame. Abin ya yi masa kauri, ga santsin fenti, ga giris. Bayan kwana huɗu duk sun kwanta a ƙasa, wasu sun nannaɗe junansu don rashin abin kamawa.

Maƙwabciyarmu ta dama, Mai Ɗinki, tagar ɗakin kekenta tana kallon filin ne, kuma bakinta ya fi kekenta gudu. Ta ɗago labule ta ce, "Injiniya, barka da aiki. 'Yan hayar ba su tare ba ne har yanzu?"

"Suna kallon gini ne tukuna. Ba su saba da irinsa ba."

"Ko dai matakala ka manta?"

Bai kula ta ba. Ya durƙusa ya kama yaɗo ɗaya ɗaya yana naɗa su a jikin bututu da hannunsa. Ya ce min, "Auta, zo ki koyi abu. Duk abin da za a ɗaure a duniya, dama ake juya shi. Noti, murfin kwalba, famfo. Dama ɗauri, hagu kwancewa." Ya naɗe duka shidan ta dama, ya kakkaɓe hannu ya fita hira.

Ya dawo da la'asar ya tarar duk sun warware sun kwanta.

Washegari ya sake naɗawa, suka sake warwarewa. Rana ta uku ya tsaya a tsakar gida yana huci.

"Akwai mai yi min zagon ƙasa a layin nan! Wani yana shigowa yana kwance min wake!"

Ya fara da kyanwar Mai Ɗinki. Mai Ɗinki ta ce kyanwarta ko zaren da ya harɗe ba ta iya warwarewa, in ta iya da tuni ta ɗauke ta aiki. Ya koma kan Mai Fenti, wai hassadar gora ce. Ya dawo kaina. Na ce ya duba hannuna, in ya ga giris ya kai ni ƙara.

Sai ya ce zai yi gadi. Da safe ya naɗe su, ya ajiye kujera a gindin bene, ya sa hular kwano, ya soka sandarsa ta dogarawa a ƙasa tsakanin gwiwoyinsa, ya ce yau ɓarawo zai gane kurensa. Kafin hantsi ya yi nisa hular ta rufe masa hanci. Shekara talatin da ɗaya yana jira a inuwa, jikinsa ya san abin da ake yi da kujera.

Yaya ta hana a tashe shi ko don abinci. Da rana ta karkata na leƙa, na ga abin da ya sa na toshe baki da gyale. Wani yaɗo ya bar bututu, ya lalubo sandar Injiniya, ya naɗe ta sau ɗaya da rabi, ya ɗago kai abinsa. Na kira Yaya, na kira Mai Ɗinki, sannan na taɓa kafaɗarsa.

"Injiniya, tashi. Ɓarawon ya kama ka."

Ya farka a firgice. Ya dubi sanda, ya dubi wake, ya bi naɗin da yatsa, ya zaro ido.

"Ta hagu! Kun gani? Ta hagu yake juyawa! Wannan ai kwance noti yake yi!"

"Haka Allah ya yi shi," in ji Mai Ɗinki. "Duk waken duniya ta nan yake bi."

"To a gidana zai gyara hali."

Ya fizge sandar, kan yaɗon ya tsinke ya biyo ta. Ya shiga ɗaki ya ɗauko baƙin salatif na wayar lantarki, ya naɗe sauran ta dama, ya manne su da bututu kamar masu karaya. Yaya ta ce, "Baban yara, don Allah ka bar su haka." Ya ce ta ba shi sati ɗaya ta ga aiki.

Ta gani kuwa. Rana ta gasa salatif, salatif ya gasa wake. Cikin sati biyu shidan nan suka yi rawaya, suka bushe a tsaye a jikin benensu. Ranar da na ƙarshe ya mutu na tarar da Yaya a ɗakin girki, kwalbar Inna a cinyarta, babu komai a ciki, tana kuka ba sauti. Raina ya ɓaci ƙwarai, har dariyar da nake yi wa Injiniya ta fita daga kaina. Na ɗauki bokiti na tafi ɗiban ruwa don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

A bayan duro na tsaya cak.

Ukun nan da ba sa cikin taswira, babu wanda ya kula su, sun sami tsanin Mai Fenti. Tsohon tsani ne na siraran itace, busasshen fenti ya sa jikinsa kaushi, ga igiyar rataya bokiti tana reto a gefe. Ɗaya ya bi igiyar, biyu sun bi ƙafafun, duk ta hagunsu, har sun wuce mataki na bakwai. Ganye shar, ga fararen furanni. Na ruga na jawo Yaya. Ta tsaya tana kallo, ta share ido, abin da ta fara faɗa shi ne, "Kada ki gaya masa."

Ba mu gaya masa ba. Muka ja igiyar shanya ta gaban wurin, kullum da zanen gado a kai. Mai Fenti da Mai Ɗinki suna gani ta sama, amma suka ja bakinsu. Mai Fenti har ya daina zancen tsaninsa, yana aro a wani wuri.

Injiniya kuwa hankalinsa na kan Asabar ɗin da ya yi alkawari. Ya daina fita benci. Yakan zagaya bene yana auna shi da tef, kamar awo zai fito da wake. Ranar Juma'a na ga ya je tagar Mai Ɗinki ya karɓo koren zare, wai maɓallin rigarsa ne ya cire. Rigar nan kuwa fara ce. Asabar da sassafe ya fita da jaka, ya dawo da ita cike, yana ɓoye ta a bayansa. Na leƙa ta taga na gan shi yana ɗaura koren waken kasuwa a jikin bene, ɗaya bayan ɗaya, da zare.

Ya gama hawa na ɗaya, ya taka kujera ya yi na biyu. Na uku ya fi ƙarfinsa, kuma daga na uku ya yi alkawari. Sai ya tuna da tsani. Ya nufi bayan duro, ya yaye zanen gado.

Ya daɗe a tsaye. Tsanin ya ɓace cikin ganye, wake zara-zara yana reto daga kowane mataki. Amma taurin kai ba ya barin mutum lokaci ɗaya. Ya miƙa hannu ya ce, "Minti biyar kawai, zan dawo da shi."

Ban san lokacin da Yaya ta fito ba. Ta shiga tsakaninsa da tsani, ludayi a hannunta. Matar da tun da nake ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba.

"Baban yara, ka datse biyu na yi shiru. Ka ƙona ɗaya na yi shiru. Ka shaƙe shida na yi shiru. Wallahi in ka taɓa tsanin nan, ni da kai ne. Abin da ya rage min na uwata ke nan."

Ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Ya juya sumui-sumui, ya rataya jaka a wuya, ya taka kujera, ya kama bututun gicciye, ya haye benen da kansa. Yana kan hawa na biyu, zare a baki, aka yi sallama. Mutanen layi ne, sun fi ashirin, kowa da kwanonsa.

Nan take ya tofar da zaren ya washe baki. "Ku shigo, ku shigo! Kun same ni ina girbi!"

Suka kewaye bene suna ɗaga kai. Wani tsoho ya ce, "Ikon Allah. Wake ba ganye?"

"Irin na zamani ne," in ji Injiniya daga sama. "Ba ya ɓata ƙarfinsa a ganye."

Mai Ɗinki ta matso ta kama ɗaya ta juya shi. "Har da ƙulli yake fitowa. Kai, wannan irin ya iya ɗaurin zare, kuma zaren nawa ne."

Mai kayan miya na bakin layi ya tura kai gaba. "Ai na gane su. Ɗazu da safe suna kan teburina. Injiniya, da ka faɗa min bene za su hau da na zaɓo maka masu ƙarfin hali."

Dariya ta ɓarke, kwanoni suna ta ƙara. Injiniya ya ɗaga hannu.

"Ku yi dariya! Wake ne ya gaza, ba gini ba. Ku dubi gini! Ga ƙato kamata a kansa, ko gezau!" Ya buga ƙafa a kan bututu don su gani.

Daidai nan iska ta shiga laimar da ke sama. Ƙafar bene ɗaya ta fito daga raminta na taƙi ɗaya, ta biyu ta biyo ta. Injiniya ya rungumi bututu, giris ya karɓe shi, ya zame ya sake kamawa. Bene ya yi lilo, ya tsaya kamar mai shawara, sannan ya fara karkata a hankali. Wajen duro. Wajen tsani.

Yaya ta ƙwalla ƙara. Ni na rufe ido da hannu ina leƙe ta tsakanin yatsu. Na ga Injiniya ya dubi tsanin, ya dubi ɗaya gefen inda yake da ramin tara taki, wanda ya jiƙa jiya da ruwan wanke-wanke. Sai ya yi ihu, "Waken Inna!" ya saki hannu ɗaya, ya wurga duk nauyinsa baya.

Bene ya canza shawara ya bi shi. Ji kake ragwajab! Bututu, waya, laima, waken kasuwa da Injiniya, duk suka tafi cikin taki. Hular kwano ta gangara ta tsaya a gaban mai kayan miya.

Can sai laimar ta motsa, kai ya fito, ɓawon albasa a kunne.

"Tsanin yana nan?"

"Yana nan, Baban yara," in ji Yaya. Tana dariya hawaye na zuba, ta miƙa masa hannu.

Maza huɗu suka zaro shi. Babu karaya, sai gwiwa da ta goge da warin da ya kwana uku a jikinsa. Yana tsayawa da ƙafafunsa ya nuna tsanin ya ce wa jama'a, "Kun ga wancan? Shi ne ainihin aikin. Wannan da ya faɗi na gwaji ne. Wa ya jingine tsani a wurin? Ku tambaya."

"Wa ya hana a mayar min da shi, ka ce," in ji Mai Fenti. "Kuma yanzu ni na hana. Ba mai taɓa shi sai iri ya bushe."

Mutane suka tsince waken kasuwa daga taki, suka ce ba za su koma da kwano wayam ba. Na tsani kuwa Yaya ba ta bari an ci ko ɗaya ba. Bayan sati biyar muka zauna da faifai muna ɓarewa, fari da ɗigon ja yana zuba, har kwalbar Inna ta cika ta yi saura. Yaya ta ƙulla wa Mai Fenti nasa, ta ƙulla wa Mai Ɗinki, don kada waken ya sake zama a kwalba ɗaya.

Da lokacin shuka ya zagayo na fito da safe na tarar da Injiniya a tsugune a filin, ba hula, ba tef, yana soka gorar nan ta Mai Fenti a ƙasa, kowacce da zurfinta. Ya waiga ya tabbata Yaya ba ta kusa, ya rage murya.

"Auta, ita Inna, ta wane hannu take naɗa musu?"

Na ce, "Ba ta naɗa musu. Sanda take kafawa ta tafi aikinta."

Ya dubi gorar da ke hannunsa. Ya soka ta, ya danna ƙasa da tafin hannu, ya ce, "To ai abin da nake ta faɗa muku ke nan tun bara."

Daga ɗakin girki muka ji Yaya ta fashe da dariya, irin wadda rabona da jin ta tun Inna tana da rai.